Kuɗin Da Nake Da Su: Inda “Have” Ke Kayar Da Ɗalibai A Turanci, Da Yadda Za A Magance

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, azuzuwan lesin na Gyadi-Gyadi a Kano sukan cika maƙil. Daga Court Road zuwa layukan da suka ɓulla Titin Gidan Zoo, bayan la'asar za a ga samari da 'yan mata rungume da littattafan tsofaffin tambayoyi. Wasu na shirin WAEC, wasu NECO, wasu kuma 'yan aji biyar ne masu jiran jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnatin Kano ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. A tsayar da kowane ɗayansu a ce ya sarrafa aikatau ɗin “have”, zai zubo shi kamar karatun allo: “I have, you have, he has, we had.” Ko tuntuɓe ba zai yi ba.

A ba shi takarda ya rubuta wasiƙa kuwa, sai labari ya sha bamban. Malamin da ya kwashi takardun ya tafi da su gida yakan tarar da jimloli irin waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

“This is the only phone that I have it.”

“My brother is having money more than me.”

“If I have known, I will have come.”

Duka ukun kuskure ne, kuma duka ukun sun fito daga hannun yaron da ya haddace “has” da “have” da “had” tsaf. A gajeruwar jimla ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa ne idan “have” ya shiga ganga dogarau, wato ɓangaren jimlar da ba ya iya tsayawa shi kaɗai, kamar wanda ke farawa da “that”, “who”, “when”, “if” ko “because”, ko kuma ya shiga kwatanci bayan “than” da “as”. Dalilin faɗuwar a fili yake ga duk wanda ya san nahawun Hausa: kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan jimla ce ta Hausa lafiyayya, an ɗauko gininta an cusa masa kalmomin Turanci. Wanda ya gane ginin da ke ƙarƙashi ya samu rabin maganin.

Abin da kuskuren ke ci

A takardar insha'in WAEC ana neman kalmomi kimanin 450, kuma maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan goma ta ƙarshe, kowane kuskuren nahawu ko na rubutun kalma yana cin rabin maki. Kuskure 20 sun isa su share ta gaba ɗaya, kuma mai duba takardar ba zai ba da maki mai kauri a ɓangaren sarrafa harshe ga rubutun da ya sha jan biro ba. A JAMB, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne. Babu kiredit a Turanci, babu shiga jami'a.

Bayan makaranta ma abin bai ƙare ba. Ma'aikaciyar jinya da ke hidima a asibitocin Kano, idan tana son yin rajistar aiki a Birtaniya ta hanyar IELTS, ana neman ta da maki 7 a jimlace, da aƙalla 6.5 a rubutu. Mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre yana tura saƙonni da Turanci zuwa Legas da Dubai da Chana, kuma saƙonnin nan maganar kuɗi ce da kaya. Jimla ɗaya mai harshen damo tana iya jawo rigimar da za a kwana ana sasantawa.

Tambayar farko: wane aiki yake yi?

Aikatau ɗin “have” yana da manyan ayyuka biyu. Na farko mallaka, inda suna ke biye da shi: “She has a shop.” Na biyu taimako, inda wani aikatau ke biye da shi a siffarsa ta uku: “She has opened a shop.” A na farko shi ne mai aikin. A na biyu ɗan rakiya ne, yana nuna cewa aikin ya kammala. Akwai kuma “have to” na tilas, da “have” na ci ko sha ko halarta, kamar “have lunch” da “have a meeting”.

Kafin ɗalibi ya taɓa kowace jimla, ya dubi abin da ke biye da “have”. Suna ne, ko aikatau? Kusan duk dokokin da ke tafe sun rataya ne a kan amsar wannan tambaya.

“Ina da” da “I am having”

Hausa ba ta da aikatau guda da ke daidai da “have” na mallaka. Tana ɗaukar siffar lokaci mai ci, wato “ina”, “kana”, “yana”, “suna”, ta haɗa da “da”. Paul Newman ya yi bayanin wannan gini a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. “Ina” ɗin da ke cikin “ina tafiya” ita ce a cikin “ina da mota”. Yaron da aka koya wa tun firamare cewa “ina tafiya” shi ne “I am going”, ba abin mamaki ba ne ya kai “ina da mota” zuwa “I am having a car”. Ga shi kuma yana jin manya na faɗin haka a ofis da banki da rediyo, domin salon ya bazu a Turancin Najeriya gaba ɗaya. Marigayi David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero kafin ya koma Jos, ya shafe shekaru yana nazarin irin waɗannan siffofi, kuma littafinsa Nigerian English Usage na 1991 yana cikin waɗanda malaman Turanci ke komawa gare su.

Daidaitaccen Turancin da ake jarraba ɗalibi da shi ba ya yarda “have” na mallaka ya ɗauki “-ing”. Ɗalibai da yawa sukan kiyaye wannan a jimla mai sauƙi, sai su saki a ganga dogarau, lokacin da hankali ya tafi kan sauran jimlar. Sanarwar da ake ji a layin karɓar sakamako, “Those who are having their receipts should come forward”, gyaranta shi ne “Those who have their receipts”. Haka “because I am having a headache” zai koma “because I have a headache”.

Inda “having” ya halatta shi ne inda wani abu ke gudana: “while we were having lunch”, “because they are having a meeting”, “if you are having trouble with the charger”. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a mayar da jimlar Hausa. Idan ta fito da “ina cin”, “suna yin” ko “kana fama da”, to “having” ya zauna. Idan ta fito da “ina da” na mallaka zalla, a cire shi.

Wakilin sunan da ya ƙi tafiya

Bahaushe ba ya cewa “kuɗin da nake da” ya yi shiru. Dole ya rufe da wakilin suna: “kuɗin da nake da su”, “wayar da nake da ita”, “shagon da yake da shi”. Larabci ma haka yake yi, kuma duk wanda ya yi nahawu a islamiyya ya san lamirin da ke komawa kan sunan da aka ambata a baya. Ke nan ɗalibin Kano yana da harsuna biyu da suka saba masa da rufe irin wannan ganga da wakilin suna, sai na uku ya zo ya ce a bar gurbin a buɗe.

A Turanci, “that” ko “which” ya riga ya tsaya a madadin sunan, don haka ƙara “it” ko “them” maimaici ne. “The money that I have is not enough.” “This is the only phone that I have.” Ana ma iya sauke “that” ɗin gaba ɗaya: “the only phone I have”. Idan malami ya goge “it” daga allo, akan samu ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, to ai jimlar ba ta ƙarasa ba.” Kunnensa ne ke gaya masa gaskiyar Hausa. Amsar da ta dace ita ce a nuna masa cewa “ita” ɗinsa tana nan, ta koma gaba ne ta zama “that”. Dokar ba ta canzawa idan “have” na taimako ne: “the book which I have read”, ba tare da “it” a ƙarshe ba.

Sai maganar “who has” da “who have”. Kalmar “who” ba ta nuna tilo ko jam'i da kanta, sunan da ke gabanta ne ke yanke hukunci. A nan Hausa tana ba da amsa kyauta: inda za a ce “mai”, “has” ne, inda za a ce “masu”, “have” ne. Ɗan kasuwa mai shago a Farm Centre, “the trader who has a shop”. 'Yan kasuwa masu shaguna, “the traders who have shops”.

Tambayar da masu jarrabawa ke so ita ce irin “He is one of the boys who ___ bicycles.” Ido yakan tsaya kan “one”, hannu ya zaɓi “has”. A faɗe ta da Hausa: yana ɗaya daga cikin yaran da suke da keke. “Suke” aka ce, ba “yake” ba. Amsar ita ce “have”. Idan aka ƙara “the only”, ma'ana ta juya: shi kaɗai ne a cikin yaran yake da keke, “the only one of the boys who has a bicycle”. Turawa da kansu sukan saki “has” a jimlar farko cikin hira, amma a ɗakin jarrabawa “have” ake nema.

Tambayar da aka cusa cikin wata jimla kuma takan rasa siffarta ta tambaya. Kai tsaye ana cewa “How much does he have?” A cikin jimla sai ta koma “I don't know how much he has.” Haka “Has she paid?” ke komawa “Ask whether she has paid.” Mai aikin ne a gaba, “have” na biye.

“Ya fi ni”: kwatanci

Nan ne ginin harsunan biyu ya fi nisa da juna. Hausa tana kwatanci da aikatau “fi”, sai wanda aka fi, sai abin da aka fi shi da shi a ƙarshe: ya fi ni kuɗi. Turanci yana manna “more” a jikin abin da ake aunawa, sannan ya buɗe sabuwar ganga da “than”. “He has money more than me” ya raba “more” da sunansa. Daidai shi ne “He has more money than I have.”

Ƙananan hukumomi sun isa a yi atisaye da su, domin lambobinsu sanannu ne. Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, Legas 20.

Kano ta fi Katsina: “Kano has more local governments than Katsina has.”

Jigawa ba ta kai Katsina ba: “Jigawa has fewer local governments than Katsina has”, ko “Jigawa does not have as many as Katsina has.”

Kaduna da Sakkwato kunnen doki: “Kaduna has as many as Sokoto has.”

Kano ta ninka Legas har da ɗoriya: “Kano has more than twice as many as Lagos has.”

“Fi” yana tafiya da “more … than”, “kai” yana tafiya da “as … as”, kuma ba a gauraya su. “As many than” babu shi. Abin da ake ƙirgawa yana ɗaukar “many” da “fewer”, abin da ake aunawa, irin su kuɗi da ruwa da lokaci, yana ɗaukar “much” da “less”.

Me ya kamata ya biyo bayan “than”? Idan “have” na mallaka ne, hanya uku ce, kuma duka suna da gurbi. “Than I have” tsohon salon Ingila ne, kuma shi ya fi dacewa da rubutun jarrabawa da wasiƙar ofis. “Than I do” ya fi yawa a Amurka, ya kuma bazu a Ingila. “Than me” na hira ne. Wanda ya rubuta ɗaya daga cikin biyun farko bai yi kuskure ba.

Idan “have” na taimako ne, zaɓi ya ƙare. Abin da ke bayan “than” dole ya amsa wa wanda ke gaba. “She has read more books than I have” daidai ne, “than I do” a nan kuskure ne. A ɗaya ɓangaren, “She reads more than I do” ba ya karɓar “than I have”, domin babu “have” a farkon jimlar da za a amsa wa. Kowane ɓangare kuma yana bin mai aikinsa da lokacinsa: “Binta has sold more than her brothers have”, “He has more customers now than he had last year”, “The repair cost more than I had expected.” Ba a kuma gajarta “have” idan shi ne ƙarshen jimla. “Than I've” da “than she's” ba sa rufe magana.

Mutum zai iya tambaya: tunda ana iya tsayawa a kan suna, me ya sa za a wahala da ƙara “has”? A ɗauki saƙon da wani dillalin waya zai tura wa mai kawo masa kaya: “I have paid Bala more than Audu.” Mai karɓar saƙon yana iya fahimtar cewa kuɗin da aka ba Bala sun fi waɗanda aka ba Audu. Yana kuma iya fahimtar cewa mai saƙon da Audu duka sun biya Bala, amma na mai saƙon ya fi yawa. A lissafi na farko Audu mai karɓa ne, a na biyu mai biya ne. Da Hausa ruɗanin ba ya tasowa, domin “na fi Audu biyan Bala” daban yake da “abin da na biya Bala ya fi na Audu”. Da Turanci kalma guda ce ke raba gardamar. “More than Audu has” ya mai da Audu mai biya. “More than I have paid Audu” ya mai da shi mai karɓa. Duk inda sunayen mutum biyu suka haɗu da maganar kuɗi, a ƙarasa gangar.

A kuma kwatanta abu da irinsa. “The price of rice has risen faster than beans” ya gwada farashi da wake. Hausa takan ce farashin shinkafa ya fi na wake tashi, kuma wannan “na” ɗin shi ne “that of”: “faster than that of beans.”

Gini biyu na ƙarshe a wannan babi sukan fito a tambayoyin zaɓi. “Shigarsa ke da wuya sai aka ɗauke wuta” shi ne “No sooner had he entered than the power went off.” “Had” yana riga mai aikin, kuma abokin “no sooner” shi ne “than”. Abokin “hardly” da “scarcely” kuwa “when” ne: “Hardly had he entered when the power went off.” Sai kuma “mafi”, wanda ke jawo “have ever”: “the best phone I have ever used.”

Lokaci da sharaɗi

Akwai inda Hausa ke tura ɗalibi kan hanya madaidaiciya, idan ya saurare ta. Ana cewa “in na gama zan kira ka”. Aikin bai faru ba tukuna, amma “na gama” aka ce, ba “zan gama” ba. Turanci ma haka yake yi: “When I have finished, I will call you.” Bayan “when”, “after”, “until”, “as soon as” da “if” na sharaɗi, “will” ba ya shiga. Ɗalibin da ya rubuta “when I will have finished” ya bar abin da harshensa ya riga ya koya masa.

Inda Hausa ba ta taimakawa shi ne rabe “paid” da “have paid” da “had paid”. “Na biya” guda ɗaya ce ke ɗaukar ukun. Dokoki biyu sun wadatar. Ta farko, idan an ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara ko wata shekara, “have” ya fita: “because I paid yesterday”, ba “because I have paid yesterday” ba. Ta biyu, idan babbar jimlar tana baya, kuma aikin gangar ya riga ta faruwa, “had” ne: “He said that he had paid”, “When we reached Unguwa Uku, the bus had left.” Motar ta tashi kafin a isa tasha, shi ya sa ta ɗauki “had”.

“Tun” ma yana da tarkonsa. “Tun 2020 nake zaune a Tarauni” yana cikin lokaci mai ci, sai ɗalibi ya rubuta “although I am living in Tarauni since 2020”. Tare da “since”, Turanci “have” yake nema: “although I have lived”, ko “have been living”.

Sai sharaɗin da bai tabbata ba. Hausa tana kafa shi da “da” biyu: da na sani, da na zo. Turanci yana ba kowace “da” kayanta. Ta farko “if” da “had”, ta biyu “would have”: “If I had known, I would have come.” Ana iya sauke “if” a juya: “Had I known, I would have come.” Ba a sa “would” a ɓangaren “if”, kuma “Had it been I know” da ake ji a gari ba ya cin maki.

“Da tana da kuɗin mota, da ta zo” tana iya nufin yau, tana iya nufin jiya. Idan yau ce: “If she had the fare, she would come.” Idan jiya ce: “If she had had the fare, she would have come.” Ɗalibai sukan goge “had” ɗaya suna zaton kuskuren bugu ne. Na farko mataimaki ne, na biyu mallaka, kuma kowanne yana bakin aikinsa. Buri ma “had” yake ɗauka: “ina ma ina da shago” shi ne “I wish I had a shop.”

Abin yi

Ɗalibi ya ware littafin rubutu guda, ya raba kowane shafi gida biyu. A hagu jimlar Hausa daga rayuwarsa, a dama Turancinta. Jimla biyar a rana ta isa, amma kowacce ta ƙunshi “da nake da shi”, ko “ya fi”, ko “bai kai”, ko “in na”, ko “da … da”. Ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya ɓace a hanya, kamar “shi” da “su”, da abin da ya sauya gurbi, kamar “more”. Ya karanta na daman da ƙarfi, domin kunnen da ya saba da “that I have it” sai ya ji “that I have” sau da yawa kafin ya daina jin kamar an yanke maganar.

A ɗakin jarrabawa, ya bar mintuna biyar na ƙarshe don zagaye kowane “have”, “has”, “had” da “having” da ke cikin insha'insa, ya yi wa kowanne tambaya huɗu. Mallaka ne ko taimako? Wane ne mai aikinsa, tilo ko jam'i? Akwai “it” ko “them” da ya maƙale a bayansa? Lokacinsa ya dace da na babbar jimlar?

Malamin aji da na lesin su yi amfani da Hausa a matsayin kayan aiki. Makarantu da yawa suna cin tarar yaron da ya yi Hausa a aji, da niyyar ya saba da Turanci. Niyyar tana da kyau, amma mintuna biyar na ɗora “wayar da nake da ita” a kan “the phone that I have” a allo suna warware abin da jan biro na zango guda bai warware ba. Yaron da aka ce masa “kuskure ne” kawai zai maimaita. Wanda aka nuna masa daga inda kuskuren ya taso yana iya kama kansa. A kuma raba darussan: mako guda na wakilin suna, mako guda na kwatanci, mako guda na sharaɗi.

Iyaye masu biyan kuɗin lesin su nemi ganin insha'in da aka duba aka gyara. Inda ake cika tambayoyin zaɓi kawai, yaro zai iya gane amsa a cikin huɗu, ya kasa gina jimlar da kansa.

Ma'aikaci da ɗan kasuwa su riƙe abu biyu: a ƙarasa gangar da ke bayan “than” duk inda kuɗi ya shiga, kuma kada a dogara da gyaran da waya ke yi, domin jimlar Bala da Audu ba ta da kuskuren da waya za ta ja wa layi.

Littattafan da za su taimaka ba su da wuyar samu a shagunan littattafai na Sabon Gari, kuma mai neman wurin karatu yana da Laburaren Murtala Muhammad da ke Titin Ahmadu Bello. English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, yana da bayani a shafi ɗaya da atisaye a shafin da ke kallonsa. Practical English Usage na Michael Swan, na 1980, ya fi dacewa da malami. Common Errors in English na Jowitt da Silas Nnamonu an rubuta shi ne da ɗalibin Najeriya a zuciya.

Gwaji

A gyara waɗannan kafin a dubi amsa.

1. “The customers that we have them are few.”
2. “She is one of the nurses who has passed the test.”
3. “Aisha has written more letters than I do.”
4. “I will send the goods after you will have paid.”
5. “No sooner had we arrived when the rain started.”
6. “If he has had a receipt, they would have changed the phone.”

A ta 1 a cire “them”. A ta 2 “have” ne, domin ma'aikatan jinyar da suka ci ake nufi, ita ɗaya ce daga cikinsu. A ta 3 “than I have”, tunda “has written” ne a gaba. A ta 4 a cire “will”, ya rage “after you have paid”. A ta 5 “than” zai maye gurbin “when”. A ta 6 “If he had had a receipt”, domin maganar ta wuce kuma rasit ɗin bai samu ba. Wanda ya faɗi biyu ko fiye ya koma sashen da suka fito, ya gina jimla biyar nasa a kan kowacce, ya kai wa malami ya duba.